Ranar Da Kotu Ta Ce Makaranta Ma Baki Ce

Mutanenmu da ke zaune a Agege, da Idi-Araba, da Sabon Ibadan, waɗanda suka tara kuɗi suka buɗe wa 'ya'yansu Islamiyya, ba duka suka san cewa wani limamin Kirista ne ya share musu hanya a kotu ba.

A shekarar 1980 Gwamnan Jihar Legas, Alhaji Lateef Jakande na jam'iyyar UPN, ya fid da takarda cewa daga ran 1 ga watan Satumba ba sauran firamare mai zaman kanta a jiharsa. Dalilinsa shi ne ilmi kyauta: ɗan mai kuɗi da ɗan talaka su zauna benci ɗaya. Babban Limamin Katolika na Legas, Anthony Okogie, ya ce bai yarda ba, ya kai ƙara.

Hujjar da lauyoyinsa suka kawo ita ce abin lura. Sashe na 36 na Tsarin Mulkin 1979 ya ba kowa ikon faɗin albarkacin bakinsa, da ikon mallakar kowace kafa ta yaɗa labari da ra'ayi. Jama'a na tsammani jarida kaɗai ake nufi. Sai Kotun Ɗaukaka Ƙara, a ƙarƙashin Mai Shari'a Mamman Nasir, wanda daga baya ya zama Galadiman Katsina, ta ce makaranta ma kafa ce. Watau rufe ta daidai yake da toshe bakin mai ita. Wannan magana tana nan a sashe na 39 na Tsarin Mulkin 1999.

To, amma kotu ba ta ce a ɗebo kuɗin baitulmali a ba mai makaranta ba. Nan ne gizo ke saƙar. Sashe na 38 ya ce ba za a hana wata ƙungiyar addini koya wa 'ya'yanta addininsu ba a makarantar da ita kaɗai ke ɗaukar nauyinta. A lura da "ita kaɗai" ɗin nan. Da zarar albashin malamai ya fito daga aljihun Gwamnati, ai ya fito daga harajin Musulmi da Kirista da wanda ba ya ko ɗaya.

Gwamnatoci kuwa sun ci gaba da biya. A 2011 Gwamna Peter Obi ya mayar wa mishan firamare 1,040 a Anambra, ya haɗa musu da Naira biliyan 6.

A Ilori aka ga inda abin ke cizo. Makarantun da mishan suka kafa, Gwamnatin Kwara ke biyan malamansu, 'yan mata Musulmi kuwa sun yi yawa a azuzuwa. Suka ce za su sa hijabi, masu coci suka ce gidansu ne. A Fabrairun 2021 Gwamnati ta rufe goma daga cikinsu, daga baya ta ce a bar mai so ta sa. Har jifa aka yi a ƙofar wasu.

Masu coci suna son kuɗin, suna kuma son su ci gaba da faɗa a ji su kaɗai. Kada masu Islamiyya su yi musu dariya. Duk kwamitin da ke kai takardar neman taimako ofishin ilmi ya sani, ran da aka amsa masa, sufeto zai zo ya duba abin da malam ke karantarwa, ɗan maƙwabci Kirista in ya shiga kuma ba mai tilasta masa zama ajin addini.