A Fasa Kasko, a Bar Tsuntsu

Ina yaro, a wani ƙauye da ke arewa da Tawa kan hanyar Abalak, akwai wani tsohon maharbi da muke ce wa Baba. Kowace Juma'a da hantsi sai ya shimfiɗa tabarma a gindin aduwa, ya ɗora bindigarsa a cinya, ya kwance ta gaɓa-gaɓa. Ya tsoma tsumma cikin mai, ya ɗaura a bakin siririyar sanda, ya zura cikin bututun, sa'an nan ya ɗaga bututun sama ya leƙa hasken rana ta ciki. Ƙotar bindigar ta yi baƙi don gumin hannu, inda ta tsage an ɗaure da jan kilago. Wata rana na ce masa: "Baba, kullum kuna gyaranta, amma ban taɓa ganin kun fita da ita ba." Bai ɗago kai ba ya ce: "Ɗana, me zan harba? Dajin da na sani ya riga ni mutuwa."

Gaskiya ya faɗa. Kakanninmu sun san arewacin Adar da Azawak cike da barewa da jimina da tuji da mariri. Farin 1973 zuwa 1974 da na 1984 zuwa 1985 sun karya daji, gatari da garma suka ƙarasa abin da ya rage, sai kuma masu farauta da mota, waɗanda ke bin dabba har ta faɗi don gajiya. A shekarar 2000 aka bayyana cewa mariri ya ƙare ƙarƙaf a dajin duniya, sai a 2016 aka fara maido da shi ƙasar Cadi daga wuraren kiwo. Jimina kuwa a Nijar yau sai a killace, kamar a Kelle ta jihar Damagaram. Amma daji yana farfaɗowa in an ɗaga masa ƙafa. Raƙuman dawa na yankin Kure 49 kacal suka rage a 1996. Da aka tsare su, sun haura 600, har a 2018 aka ɗebi takwas aka kai gandun Gadabeji da ke jihar Maraɗi.

To, in an ce maharbi ya ɗaga wa daji ƙafa, ina zai kai gwanintar da ya gada? Wasu ƙasashe sun riga mu shiga wannan hali, kuma mafitar da suka samu ita ce wasan harbin kasko, wasan da har yanzu baƙo ne a ƙasar Adar.

Asalinsa ba abin alfahari ba ne. A Ingila da Amurka ana sa tantabara mai rai cikin akwati, a ɗaura wa murfin igiya. Mai harbi ya yi kira, a ja igiya, tsuntsuwa ta tashi, ya kakkaɓo ta. A gasar Olimfik ta birnin Paris a 1900 an kashe tantabaru kusan 300, wani ɗan Beljiyam, Léon de Lunden, ya zo na ɗaya da guda 21. A Amurka akwai wata kurciyar daji mai ƙaura wadda garkenta kan rufe rana in ya taso. Ƴan kasuwar nama suka yi ta kisanta, aka sare dazuzzukan da take sheƙa, aka riƙa kama ta ana kai wa masu gasar harbi. Ranar 1 ga Satumba 1914 ta ƙarshe a duniya ta mutu cikin gidan namun daji na Sinsinati.

A wannan birni na Sinsinati ne kuma, tun 1880, wani mutum mai suna George Ligowsky ya ƙera ɗan faifan yumɓu, wato kasko, da ake cilla shi sama ya yi shawagi kamar tsuntsu. Kafin shi an gwada ƙwallon gilashi, wani lokaci a cusa masa gashin tsuntsu don in ya fashe a ga gashi na tashi. Faifan ya fi ƙwallon kama da tashin tsuntsu, sai ya kore shi. A 1921 Ingila ta haramta gasar harbin tsuntsayen da aka tsare. Mu Musulmi wannan hani ba sabo ba ne gare mu: ya tabbata a cikin Sahihu Muslim cewa Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata gare shi, ya hana a mai da abu mai rai abin gwajin bara, alhali ya kwaɗaitar da koyon harbi. Kasko ya haɗa biyun, hannu ya ƙware, rai ya tsira.

Kaskon yau faɗinsa santimita 11 ne, nauyinsa wajen giram 105, yawanci an shafe shi da launin ruwan goro don ido ya kama shi. Ana yin sa da garin farar ƙasa, irin dutsen da ake haƙa a Malbaza don siminti, a cuɗa da wani abu mai danƙo kamar kwalta. Dole ya jure wurgin na'ura, kuma ya tarwatse da zarar ƙwayar darma biyu ko uku sun taɓa shi. Manyan nau'o'in wasan biyu ne. A tiraf, kasko na fitowa daga rami gaban mai harbi ya nufi nesa, a gasar Olimfik yakan kai mita 76 kafin ya faɗi. A sikit, wanda aka ƙirƙiro a Amurka wajen 1920 ya kuma shiga Olimfik a 1968, ɗakuna biyu ne, dogo da gajere, suke jefo kasake su gitta, mai harbi yana zagaya matsayai takwas. Har yau in ya shirya, kiran da yake yi ma'anarsa "ja", ragowar zamanin igiya da akwati.

Ilimin da ke ciki duk maharbin zabon daji ya san shi, ko da bai taɓa lissafa shi ba. Harsashin gasa yana ɗauke da giram 24 na darma, ƙananan ƙwayoyi kusan 300. Suna barin bakin bindiga da gudun da ya kusa mita 400 a daƙiƙa ɗaya, iska na rage musu sauri, suna bazuwa kamar an watsa gero. Kafin su ci mita 30, kusan kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa ya wuce. Kaskon da ke gittawa da gudun mita 20 a daƙiƙa ya riga ya matsa da mita biyu. Saboda haka wanda ya auna kaskon kansa, bayansa zai harba. Sai ka bi shi da bakin bindiga, ka wuce shi, ka saki wuta inda zai je, kuma kada ka tsai da hannu bayan ka danna kunama. Ido biyu a buɗe, kunci manne da ƙota, nauyin jiki kan ƙafar gaba.

Mafi yawan ƴan gasa yanzu bindiga mai baki biyu suke riƙewa, dokar Olimfik ma ba ta yarda da bindigar famfo ba. Duk da haka akwai dubban mutane, musamman a Amurka, da ba su da abin so kamar fita fili da tsohuwar bindigar famfo ta kakansu. Bututunta ɗaya ne, ƙarƙashinsa akwai wani bututun da ke ajiye harsasai, da mariƙin katako mai zamewa. In ka harba, ka jawo mariƙin baya, ɓawon harsashi ya yi tsalle ya fita. Ka tura shi gaba, sabo ya shiga, baki ya kulle. Cak, cak. Babu abin da ke yin aikin sai hannunka, shi ya sa ƙura da yashi ba su cika hana ta aiki ba.

Christopher Spencer ya fito da irinta a 1882. John Browning ya tsara Winchester samfurin 1897, mai kunne a waje, aka ƙera fiye da miliyan ɗaya kafin a daina a 1957. Sai samfurin 12, wanda ya fito a 1912: daga curin ƙarfe ake sassaƙo sassansa, maƙeri ya daidaita su da hannu, aka yi kusan miliyan biyu har 1964. Tsadar wannan aiki ce ta kashe shi bayan da Remington 870 ta shigo kasuwa a 1950 da araha, wadda yanzu an ƙera fiye da miliyan 11. A wannan shekara ta 1950, a babbar gasar Amurka, Rudy Etchen ya fasa kasko 100 a jere da ita, a harbin da ake sako su bibbiyu lokaci guda. A dubi abin da hakan ke nufi: tsakanin kasko na farko da na biyu sai ya ja ya tura, bai kauce daga bara ba, har sau hamsin. A ɓangaren Faransa, kamfanin Manufrance na birnin Santetiyan, wanda bindigarsa mai baki ɗaya, Simplex, ta bazu a ƙasashenmu tun zamanin mulkin mallaka, ya fito da tasa ta famfo mai suna Rapid a 1958.

Da tsohuwar zuma ake magani, amma tsohuwar bindiga sai an san halinta. Wasu na dā an yi musu ɗakin harsashi mai tsawon milimita 65, na yanzu kuwa 70 ne. In aka cusa dogo a gajeren ɗaki, matsin wuta yana ƙaruwa. Samfurin 1897 da samfurin 12 suna da wani hali mai haɗari: in yatsa na danne da kunama ka tura mariƙi gaba, nan take za ta tashi. Ƙwayar ƙarfe, wadda ake sawa a madadin darma, tana iya kumbura bakin tsohon bututu mai matsatsi. Ita kuma darma guba ce. Agwagin ruwa suna tsince ta a laka kamar tsakuwa su mutu, shi ya sa Tarayyar Turai ta hana harba ta a fadamu da tafkuna tun Fabrairun 2023. Ke nan filin harbi ba zai kusanci tafki irin na Tabalak ko na Dan Dutsi ba, waɗanda tun 2005 suke cikin jerin Ramsar na dausayin da duniya ke kulawa da su. Ana kuma bukatar fili fayau na kamar mita 300 gaban mai harbi, da toshiyar kunne, da tabarau.

Na san abin da mai karatu zai ce: ana fama da ƴan bindiga, wane ne zai kawo zancen wasa da bindiga? Tambaya ce mai nauyi, kuma ba na raina ta. Tun 2017 Tiliya da Tasara suka shiga dokar ta-ɓaci. Ranar 21 ga Maris 2021 an kashe mutum 137 a ƙauyukan Tiliya, bisa ƙidayar gwamnati. Wanda ya binne ɗan'uwansa ba zai ji ƙarar harbi ya ɗauke ta wasa ba. Don haka ba yau nake nufi ba, kuma ba ina kiran a ƙara yawan bindigogi ba ne.

Abin da nake faɗa shi ne bindigogin farauta suna nan cikin ɗakuna, a ƙarƙashin gado da bayan rumbu, wasu da takarda, wasu babu. Bindigar da hukuma ta san lambarta da mai ita ta fi wadda ke ɓoye aminci. Nijar tana da hukumar tattarawa da sa ido kan haramtattun makamai tun 1994, tana kuma da dokar farauta da kare namun daji mai lamba 98-07 ta ranar 29 ga Afrilu 1998. Idan ƙura ta lafa, fili ɗaya a bayan garin Tawa ya isa a fara: ƙarƙashin idon jami'an tsaro da ma'aikatan gandun daji, a rubuta kowace bindiga, a ajiye ta a ma'ajin wurin, a ƙidaya harsashi wajen shiga, a ƙidaya ɓawo wajen fita. Sarakunan baka su zauna a gaba, don su matasa ke jin maganarsu. Wanda aka kama yana harbin barewa ko tuji ba bisa ƙa'ida ba, a soke sunansa. Ba a ma bukatar na'ura mai tsada da farko, akwai maƙatar hannu da ake wurga kasko da ita, kuma maginan tukwanenmu za su iya gwada siririn kasko shanyayye da ba a gasa ba.

Tawa ta taɓa yin irin wannan. Kokowa wasan dandali ce ta bayan kaka, kowane gari da tasa. A 1975, a nan Tawa, aka yi gasar ƙasa ta farko, Kantu na Maraɗi ya lashe. Aka sa mata doka da alƙali da lokaci, ga shi yau duk ƙasa kan tsaya cik saboda gasar takobi, filin kokowa na Hamidin Maidare da ke Tawa kuma shaida ne. Larabawan Gabas ma, jikokin mafarautan hamada, sun kai gwanintarsu fagen kasko: Ahmad Al Maktum na Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ya ci zinariya a Atina a 2004, Fehaid Aldihani na Kuwait ya ci tasa a Riyo a 2016. Idon da ke tsinkayar zomo cikin sabara daga nesa bai gaza nasu ba.

Baba ya rasu bindigarsa na rataye, da mai a bututunta. Ya zaɓi ya bar hannunsa ya yi sanyi da ya harbe ɗan abin da ya rage, kuma duk abin da ya sani game da iska da tazara da numfashi ya tafi da shi kabari, bai koya wa kowa ba. Da akwai fili da kasko, da ya zauna kan tabarmarsa yana gyara wa jikokinsa tsayuwa. Duk lokacin ɗari, agwagin da suka ƙetaro hamada daga Turai suna sauka a tafkin Tabalak, su yi kiwo su koma. Ina fatan ranar da yaron Adar zai fasa kasko ashirin da biyar a jere da la'asar, sa'an nan ya bi ta bakin tafki da hannu wofi, ya tsaya yana kallon su.