Muryoyin Da Ke Kwance A Kaset: Da Wane Awo Za A Kwashe Su?

Duk wanda ya zauna a Yola ko Jimeta a zamanin tsohuwar Jihar Gongola, watau daga 1976 zuwa 1991, ya san darajar kaset. A kansa aka ɗauki wa'azin malamai, da waƙoƙin Fulatanci na begen Annabi, da kiɗan Bachama da na Bata, da hirarrakin dattawa waɗanda suka riƙe tarihin garin tun daga Modibbo Adama, wanda ya kafa Yola a 1841. Da yawa daga masu waɗannan muryoyi sun riga mu gidan gaskiya. Kaset ɗin kuwa yana kwance cikin akwati, zafin bazara wanda yakan wuce digiri 40 yana gasa shi, laimar damina tana sa masa fumfuna.

Maganin wannan asara shi ne a kwashe sautin a zuba cikin kwamfuta. To, amma da zarar mutum ya haɗa rikoda da kwamfuta, sai ta tare shi da tambaya: 44,100 yake so, ko 48,000, ko 96,000? Yawancin mutane sukan danna wadda hannunsu ya faɗa a kai, alhali kuwa wani tsohon kaset ba ya jure juyi biyu.

Ma'anar lambobin ita ce wannan. Sauti kaɗawar iska ne, kwamfuta kuwa ba ta san kome ba sai lissafi. Saboda haka sai ta riƙa auna ƙarfin kaɗawar sau dubbai a cikin daƙiƙa guda, tana rubuta kowane awo. Misalinta kamar mutumin da aka sa ya lura da ruwan Binuwai a gindin gadar Jimeta. In sau ɗaya yake aunawa a wata, ambaliya za ta zo ta wuce ba ta shiga littafinsa ba. In kuwa kullum yake aunawa, hawan ruwa da saukarsa duk za su fito.

Masana biyu na Amurka, Harry Nyquist a 1928 da Claude Shannon a 1949, su ne suka shimfiɗa ƙa'idar: lalle yawan awo ya zarce ninki biyu na kaɗawar sauti mafi siranta da ake son kamawa. Kunnen ɗan Adam mai ƙuruciya ba ya jin abin da ya wuce kaɗawa 20,000 a daƙiƙa, don haka awon da ya haura 40,000 ya wadatar da shi. Tsohuwar wayar tarho awo 8,000 take yi, shi ya sa murya take fita a shaƙe.

Lambar 44,100 ta samu gindin zama ne tun da kamfanonin Sony da Philips suka fito da faifan CD a 1982. Ita kuma 48,000 ita ce ta masu fim da talabijin. Wanda zai ɗauki hira ko wa'azi yau, musamman in da hoto za a haɗa, ya riƙe 48,000 ya huta, gama sauya awo daga baya ƙarin wahala ne.

Tsohon kaset kuwa, hukuncinsa dabam ne. Ƙungiyar masu adana sauti ta duniya, wadda ake kira IASA, ta ce kada a yi ƙasa da 48,000, ta kuma fi son 96,000, da zurfin awo na bit 24. Gaskiya ne kaset ba ya ɗauke da sautin da ya kai wannan siranta, kunne ma ba zai rarrabe ba. Hikimar ita ce, sa'ad da aka zo gyara, watau cire shuu da ƙarar tef, wadataccen awo ya fi sauƙin aiki, kuma ba a san irin dabarar gyaran da na baya za su zo da ita ba. Kuɗin abin shi ne wurin ajiya: sa'a guda a kan 96,000, da sautin dama da na hagu, tana cin wajen gigabait 2, a kan 48,000 kuwa rabin haka. Kaset ɗari masu minti 60 ke nan za su shiga cikin gigabait 200.

Akwai kurakurai biyu da ya kamata a guje musu. Na farko, wanda ya kwashe da ƙaramin awo, sa'an nan ya ɗaga lambar daga baya, bai ƙara kome ba sai nauyin fayil. Abin da ya zube ya zube. Na biyu, kada a bar asali a sigar MP3, ko a dogara da wanda aka tura ta WhatsApp, domin dukansu matse sauti suke yi, suna zubar da wani sashe nasa. A ajiye asali a sigar WAV, a wuri biyu dabam-dabam, sa'an nan a fitar da MP3 don rabawa jama'a.

Har wa yau, babban awo ba ya gyara rikoda maras lafiya. A goge kan rikodar, a tabbatar gudunta daidai yake, a rubuta sunan mai magana da wuri da shekara tun masu saninsu suna raye.

Muna kira ga gidajen rediyon Adamawa, da Jami'ar Modibbo Adama, da iyalan malamai da mawaƙa, su buɗe akwatunansu tun yanzu. Hausawa sun ce da zafi-zafi akan bugi ƙarfe, kaset kuwa kullum ƙara tsufa yake yi.