Kafin ka ba da kafin alƙalami: yadda ake auna gida a Bauchi

Ga mafi yawan magidanta, sayen gida shi ne ciniki mafi girma a rayuwa. Duk da haka, sau da yawa mutum kan yanke shawararsa cikin yini guda: dillali ya kai shi, ya ga sabon fenti da tayil, aka ce masa wani Alhaji na nan tafe da kuɗi a hannu, nan take ya ba da kafin alƙalami. Sai damina ta sauka sannan ya san abin da ya saya. Maganin wannan gaggawa shi ne takarda da biro, tun kafin a taka ƙofar gida ko ɗaya.

Dabarar tsohuwa ce. A 1772 Benjamin Franklin na Amurka ya ba abokinsa Joseph Priestley shawarar ya raba takarda biyu, ya jera amfanin abu a gefe guda da illarsa a ɗaya gefen, ya kwana yana dubawa kafin ya zaɓa. Masana harkar gudanarwa sun faɗaɗa ta daga baya: a ware abin da yake dole daban da abin da ake so.

Fara da na dole. Na farko takardu. Dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta danƙa filayen birane a hannun gwamna, kuma sayar da gida mai takardar mallaka yana buƙatar amincewarsa. Don haka sai a je ma'aikatar ƙasa da safiyo a tabbatar sunan da ke fayil shi ne na mai sayarwa, kuma ba a jinginar da gidan a banki ba. Idan gidan gado ne, kamar yadda aka fi samu a tsofaffin unguwannin cikin ganuwa irin su Jahun, a tabbatar an raba gadon kuma duk magada sun yarda, a gaban mai unguwa da shaidu. Na biyu, kada gidan ya zauna a kan hanyar ruwa ko inda za a fitar da titi. Na uku kuɗi: farashi, da la'adar dillali, da kuɗin lauya, da gyara, duk a haɗa su. Gidan da ya faɗi a ɗaya daga cikin ukun nan ya fita daga lissafi, komai kyansa.

Sai abubuwan da ake so, waɗanda ba nauyinsu ɗaya ba. Ka ba kowanne nauyi daga 1 zuwa 5 gwargwadon muhimmancinsa gare ka. A ce malami ne da ke koyarwa a harabar Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa da ke Yalwa. Ya ba ruwa 5, kusanci da wurin aiki 4, maƙwabta da tsaro 3, girman gida 2. Yana da gida biyu a gabansa: ƙarami a Yalwa, da babba mai faɗin tsakar gida a Tirwun. Ya ba na Yalwa maki: ruwa 4, kusanci 5, maƙwabta 3, girma 2. Idan ya ninka kowane maki da nauyinsa ya tara, ya sami 53. Na Tirwun: ruwa 2, kusanci 2, maƙwabta 4, girma 5, jimilla 40. Gidan da ya fi ɗaukar ido ya zo na biyu, domin kuɗin 'yan ga-ruwa da na keke Napep kullum ake biyansu. Ga ɗan kasuwar da shagonsa ke kasuwar Muda Lawal kuma yake da iyali da yawa, lissafin na iya juyewa, saboda nauyin kowa daban ne.

Makin kuwa a ƙafa ake samo shi, ba a bakin dillali ba. Je ka ga gidan a watan Agusta bayan an ɗauke ruwan sama, ka dubi gindin bango da kwata. Koma a watan Afrilu idan da hali, ka leƙa rijiya, ka tambayi maƙwabta sau nawa ruwan madatsar Gubi ke zuwa famfonsu a mako. Zo da dare ka ga wuta da halin layin. Yi salla a masallacin unguwar. Abin da za ka ji a ƙofarsa bayan Magariba ya fi duk bayanin dillali.

Kada kuma maigida ya cika takardar shi kaɗai. Uwargida ce ke wuni a gidan, ita ta san wahalar ruwa da nisan makarantar yara, don haka ta ba da nata makin daban a kwatanta. Idan gida biyu suka zo kusa da juna a lissafi, to kowanne ya yi, sai a bi abin da zuciya ta natsu da shi bayan shawara da istihara. Idan dillali ya ce ba za a jira ka gama bincike ba, ka bar masa gidan.