Pituffik: Inda matasa ke kwana gadin sama a cikin duhun wata uku

Idan kana bibiyar labaran duniya a Facebook ko X, ba mamaki ka ci karo da cece-kucen da ake yi kan Girinland tun lokacin da Donald Trump ya ce yana son tsibirin ya koma hannun Amurka. Wataƙila ma ka tambayi kanka: me ake nema a ƙasar da kusan duk ƙanƙara ce ta lulluɓe ta? To, wani ɓangare na amsar yana can arewa maso yammacin tsibirin, a wani sansanin soja da ake kira Pituffik, wanda har zuwa shekarar 2023 aka fi sani da Thule. Shi ne sansanin sojan Amurka mafi kusa da ƙurewar arewacin duniya, tazarar da ke tsakaninsu kimanin kilomita 1,500 ce kawai. Babban aikin wurin kuwa shi ne wata gagarumar na'urar rada da ba ta barci.

Me ya sa sai can?

Ɗauki ƙwallon duniya ka leƙa ta daga sama. Za ka ga hanya mafi kusa tsakanin Rasha da Amurka ta saman ƙanƙarar arewa ta bi. A zamanin Yaƙin Cacar Baka, ta nan ake tsoron jiragen yaƙi da makamai masu linzami na Tarayyar Sobiyet za su biyo. Shi ya sa a 1951, bayan yarjejeniyar tsaro da ƙasar Danmak wadda Girinland ke ƙarƙashinta, Amurka ta kwaso dubban ma'aikata da jiragen ruwa ta gina sansanin a asirce. A 1960 aka kunna radar hango makamai masu linzami a wurin.

Yadda rada ke aiki ba wani tsafi ba ne. Tana harba igiyar rediyo sama, igiyar ta bugi abu ta dawo, kamar yadda muryarka ke dawo maka idan ka yi ihu a gindin dutse. Tunda igiyar tana gudun kusan kilomita 300,000 a daƙiƙa ɗaya, kwamfuta na lissafa lokacin da ta ɗauka ta gano nisan abin, gudunsa da inda ya dosa. Radar da ke Pituffik yanzu ba irin farantin nan mai juyawa da kake gani a fim ba ce. Gini ne mai fuska biyu, kowace fuska cike da dubban ƙananan eriya, kuma lantarki ne ke karkata hasken binciken cikin ƙiftawar ido ba tare da komai ya motsa ba.

Aikin zaman jira

Masu aikin ɗakin rada suna karɓa-karɓa ne dare da rana, babu hutun ƙarshen mako, babu na sabuwar shekara. Yawancin abin da suke gani a allo taurarin ɗan'adam ne da tarkacen rokoki da ke zagaya duniya, suna bin sawunsu suna aika bayanai. Amma ainihin abin da aka ajiye su dominsa shi ne ranar da wani abu zai bayyana wanda ba ya cikin lissafi. A ranar, cikin ɗan ƙanƙanin lokaci za su tantance ko na gaske ne ko na'ura ce ta ruɗe, su sanar da hedikwatar tsaron sama ta Amurka da Kanada da ke jihar Colorado. Makami mai linzami na cin kusan minti 30 daga wata nahiya zuwa wata, ka ga ke nan babu lokacin "bari in tambayi oga gobe".

Wahalar aikin a nan take: ka shafe watanni babu abin da ya faru, amma a ce kada hankalinka ya gushe ko na minti ɗaya. Kai da ba ka iya minti goma ba ka taɓa waya ba, gwada auna kanka a kujerar nan.

Rayuwa a wajen ɗakin

Daga wajen ƙarshen Oktoba zuwa tsakiyar Fabrairu rana ba ta fitowa kwata-kwata. Daga ƙarshen Afrilu zuwa Agusta kuma ba ta faɗuwa, sai mutum ya rufe taga da labule mai kauri kafin ya samu barci. Sanyin hunturu yakan wuce digiri 30 ƙasa da sifili. Ita kuwa iska, a watan Maris na 1972 an auna wadda ta kai gudun kilomita 333 a awa a yankin sansanin.

Saboda haka guguwa ma matakai gare ta. Idan ta kai wani mataki, ba a yarda ka fita kai kaɗai ba sai da abokin tafiya. Idan ta kai na ƙarshe, duk ginin da ta same ka a ciki nan za ka zauna har ta lafa. Tashar radar tana da nisan kimanin kilomita 20 daga inda ake kwana, don haka aka jera ƙananan ɗakunan fakewa a bakin hanya domin wanda guguwa ta rutsa da shi.

Hatta gine-ginen a ɗage suke daga ƙasa, don kada ɗumin ɗaki ya narkar da daskararriyar ƙasar da ke ƙarƙashi ginin ya nutse. Babu titin da ya haɗa sansanin da wani gari. Tashar jirgin ruwa ba ta buɗewa sai ɗan lokacin bazara idan ƙanƙarar teku ta saki, a nan ne ake shigo da mai da manyan kaya na shekara guda. Sauran lokaci jirgin sama ne gatan kowa. Sojan da aka tura yakan yi shekara ɗaya ba tare da iyalinsa ba, tare da ma'aikatan farar hula 'yan Danmak da Girinland da ke riƙe da wuta, ruwa, girki da share ƙanƙara. Wurin motsa jiki, kulob da hira da gida ta intanet su ne ke rage kewa.

Ranar da wata ya kusa jawo yaƙi

A ranar 5 ga Oktoba, 1960, sabuwar radar ta nuna kamar ga ruwan makamai masu linzami nan tafe. A Colorado, mataimakin kwamanda, wani hafsan sojan saman Kanada mai suna Roy Slemon, bai yi gaggawa ba. Ya tambayi inda shugaban Sobiyet Nikita Khrushchev yake, aka ce masa yana New York wajen taron Majalisar Ɗinkin Duniya. Wa zai harba makami garin da shugabansa ke zaune? Da aka bincika, ashe wata ne ke fitowa ta wajen Norwe, igiyar radar ta buge shi ta dawo, kwamfuta kuma ba a koya mata bambance shi ba. Na'ura ta yi kuskure, tambaya ɗaya ta mutum ta taka birki. Ka tuna da wannan duk ranar da wani "labari da ɗumi-ɗumi" ya faɗo wayarka yatsanka na ƙaiƙayin turawa.

Waɗanda suka biya farashi

Kafin zuwan soja, wurin yana da masu shi. A 1953 aka tashi mutanen Inuit sama da 100 daga matsuguninsu na kusa da sansanin, aka mayar da su arewa, inda garin Qaanaaq yake a yau. Sai a 1999 gwamnatin Danmak ta nemi afuwarsu. Sannan a ranar 21 ga Janairu, 1968, jirgin yaƙi samfurin B-52 ɗauke da bama-baman nukiliya huɗu ya faɗi kan ƙanƙarar teku kusa da sansanin. Bama-baman ba su yi fashewar nukiliya ba, amma gubarsu ta watsu, aka kwashe watanni ana kwasar gurɓatacciyar ƙanƙara. Sauya sunan wurin zuwa Pituffik, sunansa na asali a harshen mutanen yankin, wani yunƙuri ne na tunawa da su.

A watan Maris na 2025 mataimakin shugaban Amurka JD Vance ya ziyarci sansanin, hotunan suka zagaya kafafen sada zumunta. Nan gaba idan ka ga ana musu kan wa ya kamata ya mallaki Girinland, ka san akwai radar nan a tsakiyar maganar, akwai matasa sa'anninka da ke zaune gabanta cikin duhu, akwai kuma 'yan tsibirin kimanin 57,000 da ke cewa a tambaye su tukuna.