Inda Rana ke Ɓuya Kusan Wata Huɗu

A garin Longyearbyen na tsibiran Svalbard, can ƙurewar arewacin ƙasar Norway, rana na faɗuwa a ƙarshen Oktoba, ba ta sake fitowa sai tsakiyar Fabrairu. A Tromso kuwa, daga ƙarshen Nuwamba ne zuwa tsakiyar Janairu. Dalili shi ne duniya a karkace take da kimanin digiri 23 da rabi, don haka in hunturu ya yi, ƙurewar arewa kan juya wa rana baya.

Mutumin Garki da ya ji wannan zai ɗauka mutanen can sun more wajen kallon duniyoyi. Ba lallai ba. Su duniyoyin nan, Zahra da Mushtari da Mirrihu da Zuhalu da Uɗaridu, turbar da rana ke bi a sama ita suke bi. In rana ta nutse, duk wadda ke kusa da ita ta nutse tare da ita. Uɗaridu ba ta nisa da rana fiye da digiri 28, Zahra kuma 47.

Ranar 21 ga Disamba 2020 ta nuna haka ƙarara. Mushtari da Zuhalu sun matso juna a ido, kusancin da rabon a yi irinsa tun 1623. A Garki da Dutse, wanda ya fito daga sallar magariba ya fuskanci yamma zai iya hango su manne kamar ɗan akuya da uwarsa, in dai hazo bai yi kauri ba. A Longyearbyen, duk da duhun da ya lulluɓe garin dare da rana, ko leƙowa ba su yi ba.

Amma fa su ma suna da tasu garaɓasar. Duniyar da ta zo kishiyar rana a lokacin sanyi ba ta faɗuwa sam. A Disamban 2024 Mushtari ya yi ta kewaya samaniyar Svalbard awa 24, ana ganinsa har da tsakar rana, in gajimare ya bari. Sai dai mai kallo ya sha sanyi.

Garki na wajen digiri 12 arewa da tsakiyar duniya, shi ya sa duniyoyi ke ratsawa ta kusa da tsakiyar ka, kuma duhu kan sauka da wuri bayan faɗuwar rana. Gane su ba wuya: tauraro na ƙyafta ido, duniya kuwa haskenta a tsaye yake. Zahra ta fi kowa haske, wani lokaci da magariba a yamma, wani lokaci da asuba a gabas, inda ake kiranta gamzaki. Mirrihu ja-ja take. Matsalar a nan ƙurar hunturu ce, mai shafe duk abin da ya yi ƙasa-ƙasa, shi ya sa Uɗaridu ke wahalar kamuwa sai daren da sama ta washe.