Tiyatar Rage Ƙiba: Babban Aikin Yana Farawa Ne Bayan An Dawo Gida

Wata kasuwa ta buɗe a wayoyinmu 'yan shekarun nan. Sai ka ga hoton mace ta cika kujera, gefensa kuma wani hoton nata ta dawo 'yar siririya, a ƙasa an rubuta: kwana biyar kacal, har da otal da motar ɗauko ki daga filin jirgi. Yau Turkiyya ce, gobe Masar, jibi Indiya. Dillalai ke yaɗawa a WhatsApp da Instagram, masu hali na sayar da fili ko gwal su tafi, su dawo ana yi musu barka. Babu wanda ke tambayar dillalin: in an dawo, wa zai ci gaba da duba mutum?

Tiyatar nan ba zamba ba ce, kuma wanda ya zaɓe ta bai yi abin kunya ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2022 mutum 1 cikin 8 a duniya na fama da ƙiba. Likitoci na auna ta da lissafin da suke kira BMI: a ninka tsawon mutum a mita da kansa, a raba nauyinsa a kilo da abin da aka samu. Mai tsawon mita 1.6 da nauyin kilo 110, lissafinsa ya kai 43. Daga 30 ƙiba ta zama ciwo, daga 40 ta yi tsanani. Wanda ya kai nan ya san abin da sauran jama'a ba su sani ba. Sallah sai a kujera. Mai adaidaita sahu ya ce sai ka biya kuɗin mutum biyu. Matsematsi ya saɓule lokacin bazara. Minshari ya riƙa ɗauke numfashi cikin dare, ka tashi da safe kamar ba ka runtsa ba. Ga ciwon suga, ga hawan jini, ga gwiwa. Duk da haka sai wani ya kalle ka ya ce, "Ai rashin kame baki ne." Masu wannan magana su sani, jikin da ya kai wannan mataki yana yaƙi da duk yunƙurin ragewa: yunwa ta ƙaru, ƙona abinci ya ragu, shi ya sa yawancin waɗanda suka rage da ƙaurace wa abinci kawai nauyin ke dawo musu. Wani babban bincike da aka fara a Suwidin a 1987, aka bi mutum wajen 4,000 shekara da shekaru, ya nuna waɗanda aka yi wa tiyata sun fi tsawon rai a kan takwarorinsu da ba a yi wa ba. A da sai mai BMI 40, ko mai 35 da ke da wani ciwon, ake yi wa. A 2022 manyan ƙungiyoyin likitocin wannan fanni suka sassauto zuwa 35, har ma 30 ga mai ciwon sugan da ya ƙi jin magani.

Tiyatar iri biyu aka fi yi. Na farko, a yanke kusan kashi 80 cikin 100 na tumbi a fitar, a bar siririn yanki mai siffar ayaba. Abin da aka cire ya tafi ke nan, ba a mayar da shi. Na biyu, a keɓe 'yar jaka a saman tumbi wadda da farko ba ta ɗaukar fiye da cokali biyu, a jona ta da ƙaramin hanji, abinci ya riƙa tsallake sauran tumbin da farkon hanjin. Duka biyun ta 'yan ƙananan huji ake yi, kuma a hannun ƙwararru haɗarin mutuwa bai wuce na cire maɗaciya ba. Mutum kan zubar da wajen kashi 25 zuwa 30 cikin 100 na nauyinsa, suga da hawan jini su lafa. To amma cikin da aka rage ba ya iya kwasar sinadaran da jiki ke buƙata kamar da, kuma a nan mutanenmu suke kwafsawa.

Wata baiwar Allah a unguwarmu, uwar 'ya'ya, ta tafi ta hannun irin dillalan nan. Aiki ya yi kyau, ta dawo da 'yar jakar magunguna da takardar sallama cikin harshen da babu mai karanta shi a gidan. Takardar tana ƙasan akwati har yau. 'Yan barka suka cika falo, kowa da kwanonsa: mai dambun nama, mai funkaso, mai fura da ta sha suga. Mako bai cika biyu ba surukarta ta zo da malmalar tuwon shinkafa. "Haba 'yar nan, wannan ruwa-ruwan har yaushe? Ki daure ki saka wani abu a cikinki." Ita kuma kunya ta hana ta cewa a'a, ta ce, "To Inna," ta kai loma uku. Amai ya fara daga ranar.

Amai ya ƙi tsayawa mako bayan mako. Ƙwayoyin bitamin ɗin da aka ba ta, da ta ga suna tayar mata da zuciya, sai ta ajiye. Kowa kuma murna yake, wai ga shi tana zubewa da sauri, kuɗi sun yi amfani. Da jiri ya yi yawa aka kira yaron kemis ya rataya leda a ƙusar labule, ya yi mata ƙarin ruwa mai suga, ya karɓi kuɗinsa. Bai tambayi komai ba, su ma ba su gaya masa an yi mata tiyata ba, don maigidan ya ce kada maganar ta fita. Bayan kwana kaɗan ƙafafu suka daina ɗaukarta, tana ganin mutum ɗaya ya zama biyu, ta tambayi abu yanzu an jima ta sake tambaya. Nan fa aka koma cewa jifa ne, hassada ce saboda ta yi kyau. Aka yi hayaƙi, aka yi tofi. Sai da aka kwashe ta ranga-ranga zuwa babban asibiti wata likita ta ɗaga rigarta, ta ga tabon hujin nan a ciki, ta ce, "Hajiya, me aka yi miki a nan?" A ranar aka fara yi mata allurar bitamin B1. Hankalinta ya dawo, idonta ya daidaita, amma har yanzu da sanda take tafiya.

Abin takaicin, maganin da zai hana duk wannan bai kai kuɗin kwanon dambun da aka kawo mata ba. Jiki ba ya ajiye bitamin B1 da yawa. Abin da ke ciki mako biyu zuwa uku yake ƙarewa in mutum na amai ba ya ci. In ya ƙare, ƙwaƙwalwa da jijiyoyi ne ke fara biya. Ruwan leda mai suga kuma, in aka ɗura wa mai wannan ƙarancin ba tare da an fara ba shi B1 ba, ragowar ɗan abin da ya saura yake cinyewa, ciwon ya ƙara ta'azzara. Wato abin da muke ɗauka gata, shi ne ya ƙarasa kayar da ita. Wace irin al'ada ce wannan, da kowace kasala sai a ce a ƙara ruwa? Mutum ya kashe miliyoyi a tafiya, ya dawo ya miƙa hannunsa ga wanda ko tarihin ciwonsa bai nema ba!

Don haka duk mai shirin wannan aiki, kafin ya nemi biza ya fara neman likitan da zai riƙe shi a gida. Ka je asibitin koyarwa ko babban asibiti mafi kusa, ka ga likitan tiyata da masanin abinci, ka ce ga abin da nake niyya, za ku bi ni in na dawo? Akwai asibitocin da ke yin aikin a Najeriya ma, a Legas da Abuja, kuma kusancin likita riba ce da ba a saka ta a lissafin dillali. In ka zaɓi waje, ka san sunan likitan da zai yanka ka, ka yi magana da shi da kansa kafin ka biya, ka nace a ba ka cikakken bayanin aikin da Turanci ko Faransanci. Wurin da ya yarda zai yi maka aiki daga ganin hoto da lambar nauyi, bai gwada jininka ba, bai leƙa tumbinka ba, bai tambayi magungunanka da halin zuciyarka ba, kasuwa yake. Ba mu kaɗai wannan ya ci ba: a 2023 BBC ta ba da rahoton cewa 'yan Birtaniya bakwai sun mutu tun daga 2019 bayan sun je Turkiyya tiyatar rage ƙiba. Kada kuma a yi rige-rigen hawa jirgi. Doguwar tafiya a zaune jim kaɗan bayan tiyata na sa jini ya daskare a ƙafa ya wuce huhu, kuma yoyon ɗinki wani lokaci sai bayan kwanaki yake bayyana.

In an dawo, bitamin ɗin nan ba na wata uku ba ne, na tsawon rai ne: haɗaɗɗen bitamin na kullum, maganin ƙarin jini, kalsiyam da bitamin D, da B12 wanda wasu sai ta allura. A sa kuɗinsu cikin kasafi tun kafin a sayar da filin. Wanda ba zai iya sayensu duk wata ba, bai shirya wa tiyatar ba tukuna. Gwajin jini kuma a wata na uku, na shida, a shekara, sannan duk shekara, ko da mutum na jin garau, domin ƙarancin B12 da na ƙarfen jini a ɓoye suke cin mutum. Mai ciwon suga ko hawan jini ya koma a sake masa awon magani tun makon farko. Ƙwayar da ta dace da shi jiya na iya kayar da shi yau.

Abinci mataki-mataki ne. Kusan mako biyu na farko ruwa-ruwa zalla, kamar romo da madara marar suga. Sai mai laushi da aka dama ko aka markaɗa, sannan a hankali a kai ga abincin gida wajen mako shida zuwa takwas. Furotin ake fara ci a kowane zama: ƙwai, kifi, kaza, wake, alale, awara, kindirmo. Tuwo da shinkafa su zo daga baya, in da sauran wuri. A tauna sosai, a bar ci da zarar an ji nauyi a ƙirji. Kada a haɗa ci da sha, a ba da tazarar rabin awa, sannan a yini ana kurɓar ruwa kaɗan-kaɗan har ya kai lita ɗaya da rabi, balle a zafinmu. Lemon kwalba, a manta da shi. Fura da zoɓo da kunun aya masu suga kuwa sulalewa suke ta cikin ƙaramin tumbin ba tare da sun ƙosar ba. Ga wasu su jawo gumi da bugun zuciya da zawo nan take, ga wasu su dawo da ƙibar a hankali har a ce tiyatar ba ta yi ba.

Ga alamomin da ba a kwana da su a gida: zuciya na bugawa fiye da sau 120 a minti, zazzaɓi, ciwon ciki mai tsanani ko ciwon kafaɗar hagu, sarƙewar numfashi, kumburin ƙafa ɗaya, amai da ya wuce kwana biyu, baƙin bayan gida, dindiris a ƙafa, ruɗewa ko gani bibbiyu. Asibiti za a nufa, kuma kalmar farko da za a faɗa wa likita ita ce an yi tiyatar rage ƙiba. Ko shekaru sun ja, wannan bayani bai tsufa ba. Lisa Marie Presley, 'yar mawaƙin Amurka Elvis Presley, ta rasu a Janairun 2023 tana da shekara 54, kuma binciken gawa ya nuna toshewar hanji ce sakamakon tabon irin wannan tiyata da aka yi mata shekaru kafin nan.

Sauran abubuwa uku da nake ganin ana wasa da su. Magungunan ciwon jiki irin su ibuprofen da diclofenac, da muke haɗiya kamar gyaɗa, suna huda sabon tumbi da gyambo; haka taba da shisha. Sai ciki: mace da ta daɗe tana neman haihuwa kan samu da wuri in nauyi ya sauka, amma likitoci na cewa a jira wata 12 zuwa 18, kuma ƙwayar tazarar haihuwa ta haɗiya ba ta da tabbas bayan aikin da aka tsallake hanji, sai a nemi wata hanyar. Sai azumi. Wanda cikinsa ba ya ɗaukar kofin ruwa a zama ɗaya ba zai iya rama ƙishirwar yini tsakanin magariba da asuba ba. A shekarar farko a tambayi likita, a tambayi malami. Addini ya yi wa mara lafiya rangwame, kada gudun surutun mutane ya kai ka gadon asibiti.

Wanda kuma ke tsoron wuƙa, yanzu akwai allurai irin su Wegovy da Mounjaro da ke rage nauyi sosai, sai dai da tsada, nauyin kan dawo in an daina, kuma a 2024 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi kan jabun irin wannan allura mai suna Ozempic da aka kama a wasu ƙasashe. Ta hannun likita ake karɓarsu. Shayin rage tumbi na 'yan intanet kuwa, yawancinsa zawo da fitsari kawai yake sa mutum.

Ku kuma 'yan uwa da surukai, ku ji tsoron Allah. Da kuna yi wa 'yar uwarku gorin ƙiba, yanzu kuna yi mata gorin rama. Za ta ci loma huɗu ta ture kwano, gashinta zai zuba tsakanin wata na uku da na shida kafin ya dawo, fatarta za ta saki. Duk wannan an san da shi. In kuna son taimaka mata, ku saya mata kwalin bitamin, ku tuna mata ranar gwajin jini, ku raka ta. Maigida kuma ya daina ɓoye-ɓoye: a rubuta sunan aikin, da ranar da aka yi, da magungunan da take sha a ƙaramar takarda, ta riƙa yawo da ita a jaka, a kuma sanar da aƙalla mutum biyu a gidan abin da za su gaya wa likita in ta kasa magana. Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya.