Ƙarancin Kayan Aiki da Samuwar Salo: Dabarar Gutsuren Sauti a Kiɗan Hip-hop na Amurka

1.0 Gabatarwa

Manazarta adabin baka sun daɗe da fahimtar cewa kayan da makaɗi yake da su a hannu sukan yi tasiri a kan salon kiɗansa. Wannan maƙala ta duba yadda hakan ya faru a kiɗan hip-hop na Baƙaƙen fatar Amurka daga 1973 zuwa farkon shekarun 1990. Abin da ake nufi da gutsuren sauti a nan shi ne a ciro wani ɗan yanki daga tsohon faifai, a sarrafa shi, sannan a ɗora sabuwar waƙa a kansa.

2.0 Asalin Dabarar

Dabarar ta samo tushe ne a unguwar Bronx ta birnin New York, inda DJ Kool Herc, ɗan asalin ƙasar Jamaika, ya fara kiɗa a 1973. Ya lura cewa masu rawa sun fi ƙaunar gurbin da mawaƙi kan yi shiru a bar ganga ita kaɗai. Don haka sai ya riƙa ɗora kwafi biyu na faifai ɗaya a kan garmaho biyu. Da gurbin ya ƙare a wannan, sai ya tayar da shi a wancan.

3.0 Na'urori da Dabarun Sarrafa Su

Na'urorin farko masu naɗar gutsure, irin su Fairlight ta 1979, sun fi ƙarfin aljihun matashin unguwa. Lamarin ya sauya ne da fitowar E-mu SP-1200 a 1987 da kuma Akai MPC60 a 1988, waɗanda suka ba mutum ɗaya damar harhaɗa kiɗa a ɗakinsa ba tare da ya ɗauki makaɗa haya ba.

Sai dai SP-1200 ba ta riƙe sautin da ya wuce na daƙiƙa 10, kuma gutsure ɗaya ba ya zarce daƙiƙa biyu da rabi. Wannan ƙunci shi ya haifar da dabaru. Ta farko, faifan da ke juyi 33 a minti ɗaya sai a kunna shi da gudun juyi 45, a naɗi dogon yanki cikin ɗan lokaci, sannan a rage masa gudu a cikin na'urar. Ta biyu, akan daddatsa gutsure a ware kowane bugun ganga daban, a sake jera su bisa sabon tsari. Ta uku, akan tace sautin a zubar da na sama, a bar amon ƙasa mai kauri. Da yake na'urar tana naɗa ne da ma'aunin bit 12, ƙasa da bit 16 na faifan CD, sautin yakan fito da kaushi. Wannan kaushi, wanda asalinsa gazawar na'ura ce, shi masu sauraro suka ɗauka a matsayin amon hip-hop na ainihi.

4.0 Matsalar Haƙƙin Mallaka

Gutsuren yana da mai shi. Kiɗan gangar da Clyde Stubblefield ya yi a waƙar James Brown mai suna "Funky Drummer" ta 1970 ya shiga ɗaruruwan waƙoƙi, amma makaɗin bai sami kason kuɗin wannan aro ba. A 1991 wata kotun New York ta yanke hukunci a kan Biz Markie saboda ya yi amfani da waƙar Gilbert O'Sullivan ba da izini ba. Daga nan neman izini da biyan kuɗi suka zama dole, abin da ya fi ƙuntata wa masu ƙaramin jari.

5.0 Kammalawa

An ga yadda rashin wadata ya tilasta ƙirƙira, har gazawar na'ura ta rikiɗe ta zama salo. An kuma ga cewa aron da adabin baka ya ɗauka al'ada, doka ta mayar da shi ciniki da zarar ya hau faifai.